Jan Layin Baba

SHAFI NA 14

Masu cika min akwatin saƙo da cewa labarin garejinmu ya yi sanyi, daga faɗan kwastoma sai rigimar sifana, to ku gyara zama. Ni da na ga wannan yammacin da idona, har yanzu ban manta komai a cikinsa ba.

Tun azahar ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rufin shagon da nake sayar da kayan gyara ya fara yoyo daidai kan kwalayen filta, sai na kwashe su zan kai ɗakin ajiya na bayan gareji, ina tafe ina mita da mai kwanon da ya rantse mana ya toshe ramin.

A ƙuryar ɗakin na ga an lulluɓe wani abu da tamfol, an danne da tsohuwar taya. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Na ture tayar, na yaye.

Baƙin akwatin roba ne da guntun bututu a gefensa. Gidan filtar iska ke nan, inda mota ke shaƙar numfashinta. A kan murfin an ɗiga jan fenti.

Na san ɗigon nan. Duk abin da yake na motar Baba sai ya ɗiga masa jan fenti, don kada a haɗa da na kwastoma. Motar Baba kuma ba ta gareji. Ya fita da ita ɗauko 'yata Shalele daga makaranta, kamar yadda ya saba.

Na rungumi akwatin, na fito neman ƙanena.

Ƙanena yana cikin rami ƙarƙashin motar wani kwastoma, yana 'yar waƙarsa. Gemu ya cika masa fuska, amma har yau Auta muke ce masa, shi ma har yau halin auta yake yi.

"Auta, fito."

"Yaya, hannuna duk baƙin mai ne."

"Na ce ka fito."

Ya hauro yana goge hannu. Yana ganin abin da na rungumo, waƙar ta maƙale.

"Wannan na wace mota ne?"

"Tsohon kaya ne."

"Tsohon kaya da jan fentin Baba a kai? Ɗago ka dube ni. Motar da ya fita da ita yanzu, da me take shaƙar iska?"

"Da filta mana."

"Wace filta?"

Ya sosa ƙeya. Da ya ga ba hanyar zillewa, sai ya ɗauko muryar nan tasa ta mai wa'azin inji.

"Yaya, ke fa kina sayar da su, kin sani. Ta takardar nan da kamfani ke sakawa shaƙe mota take yi. Injin Baba silinda shida ne, an toshe masa hanci an ce ya yi gudu. Sai na sa masa ta auduga, mai kamar mazurari, wadda ake wankewa a shafa mata mai. Ba ki ji yadda take jan iska ba."

"Don Baba ya kai yarinya makaranta a guje?"

Ya ci gaba da goge hannu.

"Ina kake kai motar, Auta?"

"Tsohon titin bayan masana'antu. Ranar hutu da safe. Ni da su abokina Mai-Hayaƙi muna ɗan gwada gudun motoci."

"Ranar da kake ce mana wanki za ka kai ta."

"Ai ina wanke ta bayan an gama."

Wallahi da wata rana ce da na maka masa akwatin a ka. Amma wani abu ne ke cin raina, na kasa kama bakinsa sai da na sake kallon ruwan da ke gudu a ƙofar gareji.

"A ina ka ɗaura ta?"

"Da farko kusa da inji, da gajeren bututu. Ƙara kawai ta yi, ba ƙarfi. Iskar wurin zafi gare ta, ita kuma iska mai zafi inji ba ya ƙoshi da ita. Sai Mai-Hayaƙi ya ce in nema mata mai sanyi."

"A ina?"

"Na ja mata dogon bututu, na bi ta gefen batir..."

"Ba hanya na tambaye ka ba. A ina bakinta yake?"

"Ƙasa. Bayan bamba, gaban taya."

"Nuna min."

Ya sunkuya, ya ɗora hannu a ƙafarsa, ƙasa da tsakiyar ƙwauri.

Akwatin ya suɓuce daga hannuna.

Bari in tuna wa wanda ya manta. Tsakanin makarantar Shalele da gida akwai gangaren ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Duk magudanun unguwannin da ke sama can suke juyewa, shi ya sa in ana ruwa, wurin cika yake yi kana kallo. Baba tsohon direba ne, ba ya son zagaye. Tun yana da baƙin gashi ya auna inda bakin iskar motarsa yake, can sama kusa da fitila, ya bar rata mai yawa, ya ja jan layi a jikin ƙofofi daidai gwiwar mutum. Dokarsa ɗaya ce. In ruwa bai taɓa layi ba, shiga a giya ta ɗaya, kuma kada ka ɗaga ƙafa daga totur har ka fita. In ya taɓa, juya.

Layin nan bai taɓa ba shi kunya ba. Har direbobi kan tsaya bakin gada su jira, in sun ga Baba ya shiga sai su bi bayansa.

Inji kuwa in ya shaƙi ruwa a madadin iska, ba tari yake yi ya ci gaba ba. Nan take yake ƙamewa, a inda yake.

"Ka sauko da hancin mota ƙasa da layin Baba," na ce. "Kuma ba ka faɗa masa ba."

"Kullum ina mayarwa kafin ranar makaranta. Wallahi kullum. Wannan karon kilif ɗin akwatin ne ya karye, na ce yau zan samo wani. Da safe rana tarwai, Yaya, ko gajimare babu."

"Bai buɗe bonet ba? Baba da ba ya tayar da mota sai ya leƙa cikinta?"

Ya sunkuyar da kai.

Sai a lokacin na gane. Watannin nan Auta ke riga kowa tashi, ya duba mai, ya duba ruwa, ya rufe bonet, ya miƙa wa Baba makulli da hannu biyu. "Baba ka huta, na duba maka." Har Inna tana ta sa masa albarka, wai Auta ya yi hankali. Ashe ba ladabi ba ne, gadi yake yi.

"To ƙarar fa? Filtar nan gurnani take in an taka. Baba da ko ƙusa ta saki a inji sai ya ji daga bakin titi?"

"Yaya."

"Ba ni amsa."

"Baba ba ya ji."

Na tsaya ina kallon bakinsa.

"Me ka ce?"

"Kunne ɗaya ya tafi gaba ɗaya. Ɗayan saura kaɗan. Baki yake karantawa. Shi ya sa in kina magana yake juyowa ya zuba miki ido."

"Ƙarya kake."

"Ni na raka shi wurin likita. Ya rantsar da ni kada in faɗa wa kowa. Ya ce in kika sani za ki hana shi ɗaukar Shalele, shi kuma ita kaɗai ta rage masa da ke sa shi jin har yanzu direba ne."

Komai ya dawo min. Rediyon da yake ƙure wa murya har Inna ta yi ta faɗa. Yadda ko me ka ce masa sai ya ce, "To, madalla." Yadda ya daina kasa kunne ga inji, sai dai ya ɗora tafin hannu a kan bonet. Ni ina ta dariya, ina cewa tsufa ya zo wa Baba da sabon salo.

"Ya ba ka amanar kunnensa," na ce, "kai kuma ka ga hanyar shiga motarsa."

"Ba haka na..."

"Rufe min baki."

Na zaro waya na kira Baba. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, ta sake katsewa. Yatsuna suna zamewa a kan gilashin, da ƙyar na lalubo lambar malamar su Shalele.

"Malama, don Allah Baba yana nan?"

"Ai sun tafi tun ɗazu. Na ce ya jira ruwan ya tsagaita, ya ce gara su wuce kafin gada ta cika. Lafiya dai?"

Na katse kiran.

Kafin in juyo Auta ya tayar da janwe, tsohuwar motar da muke jawo matattun motoci da ita. Ya jefa igiya a baya, ya koma ciki da gudu, ya fito da guduma.

"Gudumar ta mece ce?"

Bai dube ni ba.

"Gilashi."

Da ma ban tambaya ba.

Muka hau titi. Waifa tana ta kai da kawo amma ba ka ganin komai sai jajayen fitilun motar gaba. Ina kira, tana katsewa, ina sake kira. Bakina yana addu'a, amma ban san me nake karantawa ba.

"Wataƙila ya zagaya," in ji Auta. "Wataƙila ya ga ya yi yawa."

"Ka taɓa ganin Baba ya zagaya ruwan da bai kai layi ba?"

"A'a."

"To yi tuƙi."

"Yaya, in wani abu ya..."

"Kada ka ƙarasa. Na rantse in ka ƙarasa sai na ture ka waje."

Muna shan kwanar gidan mai muka faɗa cunkoso. Motoci sun yi layi har inda ido ya tsaya, kowa na danna oda. Can nesa, cikin hazon ruwa, ina hango ƙarafan saman gadar.

Sai aka ɗauka.

"Baba. Baba kana ji na?"

"Umma, ni ce."

Muryar Shalele. Yarinyar da haƙoran gabanta ko gama fitowa ba su yi ba. Na sa wayar a sifika, na riƙe ta da hannu biyu.

"Shalele, kuna ina?"

"Bakin gada. Wayar Kaka tana cikin jakata, sai yanzu na ji ta. Umma, an ba ni tauraro a rubutu."

"Madalla, 'yar albarka. Ina Kaka?"

"Ya fita ya auna ruwa da sandarsa, ya dawo. Duk ya jiƙe. Ya ce bai kai layi ba."

Auta ya kifa goshi a kan sitiyari.

"Ya karkatar min da madubin gefe ƙasa," ta ci gaba. "Ya ce ni ce mai gadin layi. In na ga ruwa ya taɓa, in faɗa masa."

"Ba shi wayar."

"Ya hana. Ya ce ba a waya ana tuƙi."

"To saurare ni da kyau. Ki ce masa Umma ta ce ya tsaya. Kada ya shiga. Faɗa da ƙarfi."

Na ji ta ɗaga murya.

"Kaka, Umma ta ce ka tsaya."

Sai muryar Baba daga gaba, cikin raha, babu abin da ya dame shi.

"To, madalla. Yanzu za mu kai gida, uwar surutu."

"Haka yake ce min kullum," in ji Shalele.

Tana kujerar baya. Ba ya ganin bakinta.

Auta ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Shalele, Kawu ne. Miƙa hannu ki ja rigarsa. Ki ja sosai har ya juyo."

"Hannuna bai kai ba, Kawu. Na ɗaura bel."

"Kwance shi."

"Kaka ya ce kada in taɓa kwancewa."

"Yau na ba ki izini," na ce. "Danna jan abin nan, kwance."

Na ji tana nishi.

"Ya ƙi. Tauri gare shi. Kaka ne yake kwance min."

Na dubi Auta, Auta ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskar ƙanena haka ba.

"Shuri kujerarsa," ya ce. "Da ƙafa biyu. Yi ta shuri."

Muka ji dum, dum, dum. Muka ji Baba ya yi dariya.

"Kai, wannan fasinja da rigima take. Bari mu haye in saya miki alewa. Ki dai kula min da layi."

Giya ta shiga. Na san ƙarar giya ta ɗaya a motar nan tun ina kamar Shalele.

"Umma, mun fara gangarawa. Akwai wata farar mota ma tana bin mu."

"Shalele, yi ihu. Yi kuka. Yi duk abin da za ki iya."

"Me ya sa? Ai bai kai layi ba. Ina gani a madubi, saura da yawa."

Gaskiya ta faɗa, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Yarinyar tana aikinta daidai, Baba yana bin dokarsa daidai.

Ta cikin wayar na ji ruwa na marin ƙasan mota. Na ji gurnanin filtar Auta, mai kauri, irin wanda samari ke tafa wa. Sai gurnanin ya canza. Ya koma kamar yaro na zuƙar ƙarshen lemo a kwalba.

"Ta fara sha," in ji Auta. Ya fizge wayar daga hannuna. "Baba, ɗaga ƙafa! Kashe ta, Baba!"

Wa zai ji? Kuma ko ya ji jikin motar ya yi wani iri, me dokarsa ta ce? Kada ka ɗaga ƙafa. Muna ji ya ƙara taka totur.

Ƙara ɗaya ta yi, kamar an buga guduma a kan ƙarfe.

Daga nan babu gurnani, babu inji. Sai ruwan sama a kan rufin mota, da wanda ke kwarara daga magudanu.

"Umma, mota ta yi shiru."

Ƙyat. Ƙyat. Baba yana murɗa makulli. Ƙyat.

"Kada ya murɗa," in ji Auta, kamar da kansa yake magana. Ya jefa min wayar a cinya, ya buɗe ƙofa, ya sure igiya da guduma, ya ratsa tsakanin motoci a guje. Takalminsa ɗaya ya fita, bai waiwaya ba.

Ni ma na diro. Ruwa ya rufe min idon sawu. Ina gudu, wayar manne a kunnena, gadar kuma kamar ƙara nisa take.

Na ji muryar Baba. Ba ta raha ba ce yanzu. Tun da nake ban taɓa jin tsoro a muryar mahaifina ba sai ranar.

"Ai bai kai ba. Na auna da hannuna. Bai kai layi ba."

Na ji yana dukan ƙofa da kafaɗa. Na ji odar farar motar da ta biyo su tana ta kuka a bayansu.

"Shalele, kina ji na? Ga ni nan zuwa, ga Kawu nan zuwa. Kada ki ajiye wayar. Danna abin gilashi ya sauka."

"Na danna. Ya sauko kaɗan ya tsaya."

"Sake dannawa."

"Ya ƙi. Umma, safata ta jiƙe."

"Ɗaga ƙafafunki kan kujera. Ɗaga su sama."

"Na ɗaga."

Na ji numfashinta, ƙanana, da sauri da sauri.

"Shalele, yi min magana."

"Umma."

"Na'am, ina ji."

"Ruwa ya rufe layin. Na faɗa wa Kaka, amma bai juyo ba."